Zuwa ga mutanen Gusau, kan wanda muke miƙa wa wayarmu in ta lalace

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, na Tudun Wada da Sabon Gari, da na Ƙauran Namoda da Talatar Mafara. Ina gaishe ku daga Utrecht a ƙasar Holan. Allah ya kawo mana ƙarshen fitinar da ta raba manoma da gonakinsu.

Wayar Inna ce ta sa ni wannan rubutu. Da na zo gida bara, na tarar tana mutuwa da kanta ko da an cika ta da caji. Na kai ta wani shago mai ƙofar gilashi da fanka. Wanda ya karɓa ko ɗago kai bai yi ba, ya ce sai an yi mata filashin, in dawo bayan La'asar. Bai tambaye ni komai ba. Na dawo na biya, aka miƙo mini waya fes, ba komai a cikinta. Hotunan jikoki sun tafi, lambobin dangi sun tafi, haka ma saƙonnin murya na marigayi Baba, waɗanda Inna ke kunnawa bayan Isha'i ta kara a kunne. Ba ta yi faɗa ba. Ta jujjuya wayar a hannunta, ta ce, "Allah ya jiƙan Malam," ta tura ta ƙarƙashin matashi. Washegari wayar ta sake mutuwa.

Jikanta ne ya ja ni wurin wani saurayi da ke gyara a ƙarƙashin lema. Kayan aikinsa mita ce, da tsohon buroshin haƙori, da kwalbar sifirit, da gwangwanin madara cike da ƙananan notina. Bencinsa maƙil, shagunan kusa da shi kuwa masu su na ta hamma. Da layi ya zo kaina ya ce, "Mi as same ta, Yaya? Zamna nan, gabanka za ni buɗe ta." Kafin ya sa sukudireba ya tambaye ni ko akwai abin da ba mu son rasawa a ciki. Sai da na haɗiye wani abu a maƙogwaro kafin na ba shi amsa. Ya ɓalle murfin ya nuna mini batir ya kumbura kamar fanke. Cutar ke nan tun farko, ba ruwan filashin da ita. Da ya sa sabo, aka zo buɗe wayar, ya miƙo mini ya kau da fuskarsa har na gama danna lambar sirri.

Wani dattijo da ke kusa da ni, da alama daga ƙauye ya shigo, ya ce mini shaguna biyar yake wucewa kafin ya iso nan. Bai iya boko ba. Sau uku yana sa yaron ya koya masa yadda ake duba kuɗin da ya rage a asusu, kuma bai taɓa yi masa dariya ba.

Na dawo Holan da maganar dattijon nan a raina, sai ga shi na sake cin karo da ita. A unguwarmu akwai abin da ake kira Repair Café. Wata 'yar jarida, Martine Postma, ta fara shi a Amsterdam a 2009, yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. 'Yan sa-kai ne, galibi tsofaffin ma'aikata, suke zama a zauren unguwa, kowa ya kawo abin da ya lalace masa, daga rediyo har keke. Ba a yanka kuɗi, sai abin da ka jefa a akwati. Ƙa'idarsu ita ce ba ka ajiye kayanka ka tafi, zama za ka yi a gyara tare da kai. Na kai kwamfutata da ke zafi tana kashe kanta. Wani tsoho mai gilashi a kan hanci ya damƙa mini sukudireba ya ce in kwance da hannuna. Ƙura ce ta toshe fankar ciki, dunƙule kamar auduga. Shagunan gyara na zamani cike suke a garin nan, amma mutane na bin layi wurin tsofaffin nan saboda abin da ya kai dattijonmu ƙarƙashin lema: a saurare ka, a nuna maka, kada a maishe ka wawa.

Na san tsohon Holan fansho yake ci, namu kuwa da abin da ya samu ranar zai sayi masara. Ba kyauta nake roƙo ba. Na kuma san wasu na ganin in ka bayyana wa mai waya abin da ya same ta, ka zubar da sirrin sana'a. Idona ya ga akasin haka. Wanda ya ɓoye mini na je wurinsa sau ɗaya, wanda ya nuna mini kuwa duk gidanmu yanzu can suke zuwa.

Kuma waya ta wuce yadda muka san ta. Mu 'yan Zamfara mun fi kowa sani, tun Satumbar 2021 da aka katse layuka, na yi makonni a nan ban ji muryar Inna ba. A farkon 2023 da takardun naira suka yi wuya, kuɗin mutane suka koma cikin waya. Layinka haɗe yake da NIN, asusunka haɗe yake da layin. Wanda ka miƙa wa wayarka, ka miƙa masa dukiyarka da hotunan iyalinka. Amana ce sukutum.

Don haka ina roƙon masu gyara, ku da yaran da kuke koya wa: kafin filashin, ku faɗa wa mai waya ƙarara cewa komai zai goge, ku ba shi dama ya kwashe abinsa a mimori. Mu kuma masu kaiwa, mu cire layi mu riƙe a aljihu, kada mu karanta wa kowa lambar banki ko lambar da aka turo ta saƙo. Masu ilimin boko a gida su zauna da iyaye su kunna musu ajiyar WhatsApp a Google Drive.

Ƙanwata da ke aure a Sakkwato ta binciko saƙon Baba guda biyu a tsohuwar wayarta, ta turo mini. Na tura wa jikan Inna, na ce ranar Juma'a ya raka ta wurin mai lema, a sa mata su a mimori a gabanta.

Ku gaishe mini da kowa da kowa.

Ɗan'uwanku a Utrecht