Abin da ke sa ma'aikaci ya sa zuciyarsa a aiki

Ina shugabantar wani ƙaramin sashe da ke shigar da sakamakon gwajin jini cikin kwamfuta. Aiki ne mai gundura: suna, lamba, suna, lamba, tun safe har yamma. Mutanena ba malalata ba ne, sai dai jikinsu na ofis, zuciyarsu na wani wuri, kurakurai kuma suna ta yawa.

Lokacin ibada na fara gyarawa. A da, mai son yin salla sai ya saci jiki ya fita kamar mai laifi, ya dawo yana waige-waige. Muka sa shi cikin jadawali, aka ware ɗaki mai tsabta. Musulmi ya yi sallarsa, Kirista ya yi addu'arsa, mai son ya zauna shiru ya huta da ransa ba wanda zai tambaye shi. Ban tilasta wa kowa ba, ban kuma yarda a auna mutum da yawan shigarsa ɗakin ba, domin da zarar ibada ta zama hanyar neman fada wurin oga, riya ta shigo.

Abin da ya fi tasiri kuwa daga wani bincike na samo shi. A 2007 Adam Grant da abokan aikinsa sun nuna cewa masu buga waya neman gudummawa ga wata jami'a a Amurka, da suka gana na 'yan mintuna da ɗalibin da ya ci moriyar tallafin, kuɗin da suke tarawa ya ninka fiye da biyu. Sai na gayyato wata nas. Ta ba su labarin yaron da aka ƙara wa jini a kan kari saboda sakamakonsa ya iso daidai. Tun daga ranar nake ganin wata ma'aikaciyata tana ɗora yatsa a kan allon kwamfuta, tana bin lamba sau biyu kafin ta tura. In ta ga adadi mai tayar da hankali, da kanta take kiran ɗakin marasa lafiya, ba wanda ya sa ta.

Amma abin yana da iyaka. Da albashi ya yi jinkiri, na yi musu maganar amana, wani dattijo a cikinsu ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ma haƙƙinmu amana ne." Gaskiya ya faɗa. A ranar na rubuta wa hukumar gudanarwa, ban kuma sake yi wa kowa zancen sadaukarwa ba sai da kuɗinsu ya shiga.