Ranar da na "suma" ban sani ba

Har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai. Ranar da muka gama bautar ƙasa ne, an ba mu satifiket, mun sha hotuna cikin kaki, da daddare na ɗau waya na rubuta wa wata Ba'amurkiya da nake yi wa ɗan aikin fassara ta intanet cewa ta yi haƙuri ban turo aikin ba, "I passed out today". Ni fa a raina albishir na yi mata, barka nake jira.

Ko minti biyu ba a yi ba sai ga saƙonni rututu, ka je asibiti? ka sha ruwa? akwai wani kusa da kai? wai ko zafin rana ne ya buge ni. Na ce ikon Allah, ni da nake zaune ina cin tsire me ya kawo maganar asibiti kuma.

Ashe a wajensu pass out suma ne, mutum ya yanke jiki ya faɗi, ko mashayi ya yi tatul har bai san inda kansa yake ba. Amma fa mu ma ba shirme muke ba, Turancin sojan Ingila ne muka gada, a Sandhurst, makarantar horar da hafsoshinsu, in an yaye su passing out ake cewa, haka makarantun sojanmu, NDA ta Kaduna da Depot na Zariya, ita kuma NYSC, hukumar bautar ƙasa, da aka kafa a 1973 zamanin Gowon dama rabinta soja ce, fareti da kaki da komai, shi ya sa kowane ɗan bautar ƙasa bakinsa POP POP, wato Passing Out Parade, faretin yayewa. Baiwar Allah ita ina za ta san wannan.

Da na bi diddigi sai na tarar akwai ma ma'ana ta uku, rabawa. Malam ya pass out takardun jarabawa, wato ya rarraba wa ɗalibai. Dabarar da na riƙe ita ce in an ambaci abu a bayansa to rabo ne, in kuwa ya tsaya shi kaɗai kuma ba barikin soja ake ba, to wani ya sheme. Allah ma ya taimake ni ban rubuta passed away ba, wannan kam rasuwa ce, da sai dai ta nemi inda za ta aiko gaisuwa.

Hotona na tura mata da kaki da satifiket a hannu kafin ta gane, ta yi ta dariya ta ce congratulations, amma duk da haka wai in daure in sha ruwa.