Janti 17 a kan titunan Maraɗi: abin da na gwada da abin da na gano

Motar da na yi wannan gwaji da ita Toyota Corolla ce, wadda ta zo da taya mai lamba 195/65 R15. Na cire su na sa janti mai inci 17 da taya 225/45 R17, na yi rani guda da damina guda a kansu, sannan na mayar da na asali. Janti shi ne ƙarfen da ake ɗora taya a kai, wanda maƙwabtanmu na Katsina ke kira rim.

Sai an iya karanta lambar da ke gefen taya kafin a fahimci sauran. A 195/65 R15, 195 faɗin taya ne a milimita. 65 kuwa ba milimita ba ne, kaso ne: tsayin gefen taya kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta, wato kusan milimita 127. 15 girman janti ne a inci, milimita 381 ke nan. In ka haɗa gefe biyu da janti, tsayin ƙafar gaba ɗaya zai kama milimita 634. Yi wa 225/45 R17 wannan lissafi: gefe 101 sau biyu, janti 432, jimla 634. Tsayi ɗaya ne cif. Shi ya sa na zaɓi wannan lamba, don kada agogon gudu ya yi ƙarya kuma kada ƙarfin giya ya sauya. Bambancin duka yana wuri biyu: taya ta ƙara faɗi da milimita 30, gefenta kuma ya ragu da kusan milimita 26.

A kan kwalta mai kyau, kamar wasu sassa na babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram, na ji daɗin sauyin, ba zan ɓoye ba. Da ka taɓa sitiyari mota ta amsa nan take, saboda gajeren gefe ba ya lanƙwasa kafin ya bi umarni. A kwana motar ta rage jinginawa, birki ma ya fi kamawa a busasshen titi. Wanda ya ce babban janti ado ne kawai bai faɗi daidai ba.

Amma kwalta mai kyau nawa muke da ita? Waɗannan milimita 26 da suka tafi su ne katifar motar. Gefen taya shi ke fara shanye duka kafin ya kai ga shakazoba, kuma da ya gajarta sai duk abin da ke kan hanya ya shigo cikin mota kai tsaye. A hanyar burji mai gargada sitiyari yana kaɗawa a hannu, robobin cikin mota suna ƙara, bayan motar kuma yana tsalle yana zamewa gefe in ka ɗan taka mai, domin ƙafar ba ta zama a ƙasa yadda ya kamata. Ga nauyi: janti 17 da faffaɗar taya sun fi na asali nauyi, kuma nauyi ne da ke ƙarƙashin sifirin. In ƙafa mai nauyi ta buga tudu ta tashi, shakazoba yana shan wahala kafin ya mayar da ita ƙasa, kuma muddin taya tana sama ba birki ba sitiyari.

Rami shi ne babban maƙiyi. In ƙafa ta faɗa rami mai kaifin baki, gefen taya yana matsewa tsakanin bakin ramin da leɓen janti. Mai milimita 127 yana da sararin lanƙwasa ya dawo. Mai 101 yakan kai ƙarshe, zaren da ke cikin roba ya tsinke. Haka ta faru da ƙafar gaba ta dama a hanyar Ɗan Isa: washegari na ga ƙulli kamar ƙwan kaza ya fito a gefen taya, leɓen janti kuma ya ɗan lotsa ta ciki, inda ido ba ya gani sai an cire ƙafar. Mai facin da ya duba ya danna ƙullin da babban yatsa ya ce, "Alhaji, wannan ba ta facuwa, zaren ne ya yanke." Gaskiyarsa. Ana yin faci a inda zane yake, ba a gefe ba, kuma taya mai ƙulli tana iya fashewa kowane lokaci, balle a zafin Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40. Jantin ƙarfe in ya lotsa ana bugunsa ya miƙe. Na alminiyam sau da yawa tsagewa yake yi, iska ta riƙa zurarewa a hankali.

A yashi na yi zaton faɗi zai taimaka, sai na tarar ba haka ba ne. Abin da ke fitar da mota daga rairayi shi ne rage iska, taya ta kwanta, sawunta ya yi tsawo. Da 195/65 nakan sauke iska daga kilo 2.2 zuwa wajen 1.5 in zan shiga hanyar ƙauye mai yashi, in tafi a hankali, in sake cikawa da na hau kwalta. Da 225/45 ba ka da wannan dama sosai. Gefen gajere ne, kana rage iska janti ya kusa taɓa ƙasa, kuma bakin taya yana iya subucewa daga janti in ka karya sitiyari da ƙarfi.

Da damina kuma wani abu ya bayyana. Faffaɗar taya tana da ruwa mai yawa da za ta ture daga gabanta, saboda haka ta fi saurin hawa kan ruwa in ya kwanta a titi. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi sakayau a hannu kamar ba a haɗe yake da komai ba. In ka ji haka ka ɗaga ƙafa daga mai, kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka juya sitiyari. Sannan inda manyan motocin kaya suka tona kwari biyu a kwalta, faffaɗar taya tana bin kwarin da kanta, kana gyara sitiyari ba hutawa. Mai ma ta ƙara sha, musamman a cikin gari inda ake tsayawa ana tashi.

Akwai masu yin akasin abin da na yi, su bar janti 15 su sa taya mai tsayi don mota ta ɗaga daga ƙasa. Wannan ya fi dacewa da hanyoyinmu, amma yana da iyaka. 205/65 R15 tsayinta milimita 647 ne, ƙarin kusan kashi 2 cikin 100, motar ta ɗaga da milimita 6 ko 7, kuma in agogo ya nuna 100 kana kan 102. Wannan ba laifi. 205/70 R15 kuwa ta kai 668, ƙarin ya wuce kashi 5: motar za ta yi nauyin tashi, agogo ya nuna 100 kana kan 105, kuma in an cika kaya taya ta riƙa goga madigadi. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada a wuce kashi 3, sama ko ƙasa. In lissafi ya dame ka, sa alli a gefen taya da ƙasa, tura motar ƙafa ta yi zagaye ɗaya, auna tazarar. Ta asali za ta ba ka ɗan ƙasa da mita 2. Gwada sabuwar haka ka kwatanta.

Janti ma yana da lambobinsa, kuma nan ne aka fi yin kuskure a kasuwa. Yawan ramukan noti bai isa ba, sai tazararsu ta dace: 5x100 da 5x114.3 duk ramuka biyar ne amma ba sa shiga juna, domin lamba ta biyu faɗin da'irar da ramukan ke kai ne a milimita. Ramin tsakiya ma dole ya zauna daram, na Toyota yawanci milimita 54.1 ne ko 60.1. In ya fi faɗi ba a sa masa zobe ba, motar za ta riƙa rawa a gudu ko an yi balansin sau nawa. Sai lambar ET da ke bayan janti, wadda ke nuna yadda ƙafa za ta shige ciki ko ta fito waje. In ta fito waje da yawa, boris ɗin ƙafa ke ɗaukar nauyin a karkace, ya mutu da wuri, kuma duk ramin da ka buga sitiyari zai fizge hannunka. Bayan an ɗaura, a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a leƙa a ga ko akwai inda taya ke taɓawa. A ɗaure noti a gicciye, ba a jere ba, da ƙarfin da ya dace, na Corolla 103 Nm ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ne), a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100.

Yawancinmu tayoyin ƴan Kwatano muke saye, don haka a duba abu uku. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT a gefen taya su ne ranar haihuwar taya: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Lambar nauyi da harafin gudu, misali 91H, na nufin iyakar taya kilo 615 ne a kowace ƙafa da gudun kilomita 210 a awa, kada a sauka ƙasa da abin da motar ta zo da shi. Sai hoton dutse mai ƙanƙara a ciki: wannan tayar sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, a zafinmu tana cinyewa da wuri kuma motar tana lilo a kwana.

Kada a haɗa girma biyu a gatari ɗaya, motar za ta riƙa ja gefe in an taka birki, mai ABS (na'urar da ke hana ƙafa kullewa in an taka birki) kuma na iya ruɗewa. In biyu kawai za a iya saye, sababbin su koma baya, don bayan mota in ya zame ya fi wuyar kamawa. Iska kuma a auna ta da safe kafin taya ta ɗau zafi, a bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. In aka auna da rana bayan doguwar tafiya za a ga ta hau, kada a rage, da taya ta huce za ta koma daidai.