Tafiyarmu Saboda Ƙullutun Gaban Kunne

Tun da asuba muka kama hanya ni da yayata zuwa babban asibitin da aka tura mu. Ga nisa, ga jijjigar mota, ita kuwa ta yi tsit tana kallon hanya. Shekaru ke nan wani ƙullutu yana girma mata a gaban kunne, daidai inda hangum kan kumbura wa yara. Ba ya ciwo, shi ya sa ta yi ta ɗage zuwa asibiti.

Da muka isa aka yi mata sikanin, aka zuƙo ɗan abin da ke ciki da siririyar allura. Gwaji ya nuna ƙari ne a halittar da ke samar da yawu, ba cutar kansa ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarin da ke fitowa a nan haka suke, amma irin nata in aka bar shi ya daɗe yana iya rikiɗewa ya zama kansa.

Da aka ce sai an yi mata tiyata, abin da ya hana ni barci a masauki jijiyar fuska ce. Ta ratsa tsakiyar wannan halitta ta rabu gida biyar, ita ke ɗaga gira, ta rufe ido, ta motsa leɓe. A tsohuwar hanya akan yi doguwar yanka daga kunne har wuya, a kwashe babban ɓangare na halittar, wasu daga baya su riƙa zufa a kumatu idan suna cin abinci. Ita kuwa ƴar yanka aka yi mata a bayan kunne, aka zare ƙullutun da siririyar fatar da ta lulluɓe shi, wata na'ura tana ƙara duk lokacin da aka kusanci jijiyar. Ba kowa ake yi wa haka ba, sai ƙarin yana ƙarami, yana motsi, bai nutse ciki ba. Aikin kuma na gwanaye ne, domin in fatar ta fashe zai iya dawowa.

Da ta farfaɗo, likita ya tsaya a kanta.

"Baiwar Allah, ɗaga gira. Rufe ido. To, yi mini murmushi."

Duka ɓangarorin biyu suka motsa tare. Sai na ji hawaye suna zubo mini.

A hanyar dawowa na ce, "Yaya, ranar komawa ganin likita fa ba fashi." Ta ce in dai zan sake raka ta.