Furobayotik da sukarin masu juna biyu

Masu juna biyu da sukarinku ya hau, ku saurara. Ƙwayoyin hanji masu amfani, irin su Lactobacillus da Bifidobacterium, suna narkar da harzar abinci su fitar da sinadaran da ke taimaka wa insulin, mai daidaita sukarin jini, aiki. Shi ya sa furobayotik, wato irin waɗannan ƙwayoyin da ake samu a yogot ko a kafso, kan ɗan sauke sukarin safe. Kaɗan fa, ba ya maye gurbin magani.

Yogot mai zaƙi ne ke damuna, ɓarnarsa ta fi amfaninsa. A zaɓi marar sukari, a ci gaba da gwajin sukarin jini, ana so ya kasance: ƙasa da 95 mg/dL kafin karin kumallo, ƙasa da 140 awa ɗaya bayan cin abinci. Kafin shan kafson furobayotik a tuntuɓi likita, domin bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta yi a 2021 ta alaƙanta shi da hawan jinin ciki mai haɗari.