Abin da sifirin ɗin mota ya koya mini

A shekarata ta ƙarshe ta karatun injiniya a Bauchi, bincikena a kan sifirin ɗin mota ne, irin wanda maƙera ke saye a hannun 'yan gwangwan su ƙera adda da wuƙa. Ƙarfe ne mai ɗan gauraye kaɗan: kabon wajen kashi 0.6 cikin 100, kuromiyom bai cika kashi 1 ba, sai ɗan manganis.

Gutsure biyu muka yanka, muka gasa su zuwa digiri 850. Ɗaya muka tsoma a ruwa, ɗayan muka bar shi ya huce a cikin tanderu.

Madubin ilektiron, na'urar da ke girmama hoton abin da ido ba ya gani, kowa ke ɗoki, amma wahalar tana wajen guga. Daga takarda mai kaushi ka sauko zuwa mai lamba 1200, duk canji kana juya ƙarfen don sabon ƙarzo ya share tsohon, har ya koma yana ƙyalli. Sai ka ɗiga masa naital, wato asid kashi 2 cikin sifirit, na 'yan daƙiƙu. Ka wuce lokaci, fuskar ta ƙone, ka koma farko. Malaminmu kan ɗaga samfuri ya duba a haske ya ce, "Kai yaro, wannan ƙarzon naka za mu je kallo ko ƙarfe?"

Da hoto ya fito, wanda ya huce a hankali layi-layi ne kamar kunyoyin gona, ƙarfe mai taushi da mai tauri suna bin juna. Shi ake kira falait. Tazarar layukan ba ta kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, shi ya sa a madubi mai aiki da haske sukan cakuɗe su zama duhu. Wanda ya sha ruwa kuwa tsinke-tsinke ne masu sarƙe da juna: matensait. Sanyin ya zo da gaggawa, kabon bai samu damar fita ba, ya maƙale, ƙarfen ya yi tauri amma ga saurin karyewa.

Sinadaransu ɗaya, hucewa ce kawai ta raba su. Tun daga nan takardar sinadarai kaɗai ba ta gamsar da ni, sai na ji wutar da ƙarfe ya sha.

Daga baya muka yanka gutsure na uku, muka gasa shi, muka tsoma shi a ruwa, sannan muka mayar da shi wuta a digiri 400. Tsinkayen suka dusashe, ƙananan ɗigon kabaid, wato haɗin kabon da ƙarfe, suka bayyana, guduma kuma ta kasa ɓalle shi.