Abin da littafin rubuta barazana ya koya min

Lokacin da na fara aiki da wata ƙungiya da ke tallafa wa mata masu kare haƙƙin mata a yankunan da ake rikici, aikin da aka ba ni shi ne rubuta duk wata barazana da aka yi musu, rana, lokaci, ta waya ce ko baki da baki, me aka ce. Gaskiya da farko raina aikin na yi, a ganina ceton rai shi ne a ɗauke mutum cikin dare a kai shi wani gari, ba zama gaban kwamfuta ana cike layi ba.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne su matan ba sa kawo rahoto. Sai kun yi hira ta yi nisa sannan wata za ta ce miki ai wata uku kenan ana kiranta da ɓoyayyiyar lamba ana faɗa mata sunan makarantar 'ya'yanta, kuma in kika ce don me ba ki faɗa ba sai ta ce "ai mun saba". Wannan kalmar ta fi komai tayar min da hankali, don duk wadda na karanta tarihinta cikin waɗanda aka kashe, sai na tarar an daɗe ana yi mata gargaɗi. Hanan al-Barassi, lauya ce a Bengazi ta ƙasar Libiya, tana fitowa kai tsaye a Facebook tana maganar cin hanci da cin zarafin mata da masu bindiga ke yi, ta faɗa da bakinta cewa ana mata barazanar kisa, a watan Nuwamba 2020 aka harbe ta da rana tsaka a kan titi mai cike da jama'a. Shekara shida kafin nan, ranar 25 ga Yuni 2014, an shiga har gida an kashe Salwa Bugaighis a wannan garin, ranar da ta dawo daga jefa ƙuri'a, mijinta kuma aka tafi da shi. Ina ganin da an hukunta waɗanda suka kashe Salwa da waɗanda suka zo wa Hanan sun yi tunani sau biyu, amma sun riga sun ga an yi an kwana lafiya.

Wani abin da ban gane ba sai da na shiga aikin, barazanar da ake wa mace ba irin ta namiji ba ce. Shi a ce za a kashe shi, ita kuwa sai a fara da mutuncinta, a ce 'yar iska ce, a haɗa hoton ƙarya a watsa, a kira miji ko uba a ce ya ja mata kunne, a yi mata barazanar fyaɗe, to kafin mai bindiga ya iso an riga an raba ta da danginta da maƙwabtan da za su tsaya mata, wani lokacin ma daga cikin gida matsin yake fitowa. Fom ɗinmu na farko ko gurbin rubuta irin wannan babu, mu muka ƙara.

Takardu kam akwai su. Akwai ƙuduri mai lamba 1325 na Kwamitin Sulhu kan mata da zaman lafiya da tsaro tun shekarar 2000, sannan a 2013 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri na musamman kan mata masu kare haƙƙin ɗan Adam, na haddace su don taron bita, sai dai a inda ɗan sanda da kansa yake tsoron mayaƙa, ko shi ne ma mai kiran wayar, ba takarda ce za ta tare ƙofa ba. Dubi Natalia Estemirova ta ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Memorial, an sace ta a Grozny, babban birnin yankin Chechniya a Rasha, ranar 15 ga Yuli 2009 aka tsinci gawarta a ranar, sai 2021 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce Rasha ba ta yi binciken kirki ba. Shekara 12 fa.

Wadda ta sa na daina raina littafina ita ce Berta Cáceres ta Honduras, mai fafutukar kare muhalli da haƙƙin 'yan asalin ƙasa, duk da can ba filin yaƙi ba ne kamar sauran. An kashe ta a Maris 2016 bayan ta sha kai ƙorafi, iyalinta da abokan gwagwarmayarta suka ƙi yin shiru, aka bi bayanan waya da saƙonni ɗaya bayan ɗaya, a 2018 aka samu mutum 7 da laifi, a 2021 kuma hukunci ya hau kan David Castillo, shugaban kamfanin da ke gina dam ɗin da take adawa da shi. Wato an wuce masu harbin an taɓo na sama, kuma da irin ƙananan bayanan nan da nake cikewa aka yi.

Yanzu in mace ta zo ba na fara ce mata ta bar gari, don da yawa ba za su tafi ba, wa za su bar wa yara da tsofaffi da matan da suka dogara da su, kuma tafiyar tasu ita ce abin da mai barazanar yake so tun farko. Tambayarta nake me take ganin zai kare ta, wata canjin layin waya take so, wata kuɗin motar da za ta riƙa sauya hanya, wata so take a sami lauya ya ajiye kwafin komai a wata ƙasa. Sannan in roƙe ta kar ta goge saƙon ko da zagi ne mai ƙona rai, ta ɗauki hotonsa da kwanan wata ta turo min, ni zan karanta ba sai ta sake kallonsa ba.